Ranar da Don Fulgencio Ya Toshe Rana da Katifa

Duk wanda ya taɓa sayen katifa a Santa Rufina ya san ba aljihu kaɗai ake zuwa da shi ba, sai an haɗa da kunne. Don Fulgencio Taveras ba ya sakin katifa sai ya ba ka labarin shekarar da Amurkawa suka zo har ƙofar gidan uwarsa, cikin mota mai tsawon kwalekwale biyu, don su tafi da shi wasan besbol, wanda ake jefa ƙwallo a buga ta da sanda. Wata rana shi mai jifa ne a labarin, wata rana mai bugu. Abin da ya hana shi tafiya ma yana sauyawa: ran Litinin kafaɗarsa ce ta goce garin ceto saniya daga kogi, ran Juma'a uwarsa ce ta riƙe ƙafar wandonsa tana kuka. Matarsa Doña Nereida, wadda ta san shi tun kafin ya ajiye tumbi, ta ce abin da ta taɓa gani ya kai wa sanda shi ne mangwaron maƙwabta, shi ma ya kuskure.

Ana nan sai rediyo ta faɗi cewa hukumar babbar gasa za ta ƙara ƙungiya ɗaya tak, kuma garuruwa biyu ake dubawa: Santa Rufina, ko Los Higos da ke tsallaken kogi. Za a turo wakiliya ta kalli wasan gwaji a kowane gari, ta duba fili, ta duba jama'a. Inda ya fi, nan ƙungiya za ta zauna.

Los Higos fa! Mutanen da ko ruwan sama ya sauka a gonarsu sai sun zo bakin gada sun yi wa na Santa Rufina gwalo.

Don Fulgencio yana teburin domino a gaban shagon kwana lokacin da aka yi sanarwar. Ya buga ƙwayar domino da ke hannunsa da ƙarfi har kofunan kofi suka yi tsalle.

"Ku kwantar da hankalinku," in ji shi, yana gyara gashin baki. "Allah ya taimake ku akwai wanda ya san harkar a garin nan."

"Wa ke nan?" in ji Wascar, ɗan acaba, wanda babu mai buga ƙwallo kamarsa a duk lardin.

"Yaro, in ana maganar manya ka kashe babur ɗinka."

Kafin a gama zagayen domino ya naɗa kansa shugaban kwamiti, ya amince da naɗin, ya kuma gode wa jama'a.

Gaskiya dai gari ya tashi tsaye. 'Yan acaba suka ɗaura tutoci suna zagaye da ƙaho. Mata suka kafa tukwanen sancocho a dandali, nama da rogo da ayaba suna tafasa, ana ciyar da ma'aikata. Wanzami ya ce ba zai taɓa kan kowa ba sai ya sa hannu a takardar roƙo. Fada ma bayan addu'ar Lahadi ya ce ko da yake Allah na kowa ne, ba laifi a tuna masa wane gari ne ya fi zuwa coci. Hukumar gari ta ba da tsohuwar gonar rake ta bakin titi, aka ce a yi fili.

Ranar awo, ƙarfe bakwai na safe, Don Fulgencio ya iso da farar hula da igiya. Tare da shi akwai Tiburcio, tsohon da ya yi shekara arba'in yana gyaran filin wasan kamfanin sukari kafin a rufe shi.

Don Fulgencio ya dangwala ƙafa a ƙasa. "Nan mai bugu zai tsaya. Bayansa rumfar 'yan kallo, dab da titi, duk motar da ta wuce ta ga ƙofarmu. Gabansa kuma duwatsu. Ku dubi kyau, jama'a!"

"Don Fulgo," in ji Tiburcio, "can ai yamma ce."

"Na gode, tsoho. Da na ɗauka Japan ce."

"Mai bugu ba ya fuskantar yamma."

"Ina rana take yanzu?"

"Bayanka."

"To, me ya rage?"

"Ai ba nan take wuni ba."

"Ku ji mini mutum! Shekara arba'in yana jan buhu a kan ƙasa, yau zai koya mini fili. A Amurka..."

"Ka je Amurkan?"

"Saura ƙiris."

Aka yi dariya, aka bi bayan Don Fulgencio, don shi ne mai farar hula, Tiburcio kuwa an san shi da mita, ko a gidan biki sai ya ce gishiri ya yi yawa. Tsohon ya ɗaga kafaɗa, ya kama bakin igiya.

Wata uku ana aiki. Da asuba ake farawa, kafin rana ta take kowa ya gudu gida, da yamma kuma domino ba ya jiran kowa. Saboda haka babu mahaluƙin da ya taɓa tsayawa a filin nan bayan ƙarfe uku. Aka baje jar ƙasa, aka dasa ciyawa, aka zuba kankare aka yi rumfa mai hawa goma sha biyu, wadda ko girgizar ƙasa ba za ta matsar ba.

Saura kwana tara wakiliya ta zo, aka ce a gwada fili da ƙarfe biyar na yamma, lokacin da za a yi wasan gaske. Rabin gari ya hau rumfa. Radhamés mai gyaran firiji, wanda shi ne mai jifa, ya hau tudunsa a tsakiyar fili. Wascar ya ɗauki sanda ya tsaya, ya ɗaga kai.

Ai kuwa ga ta nan. Rana ta sauko ta zauna daidai kafaɗar Radhamés, ja wur, ƙatuwa kamar faranti, sai ka ce ita ma tikiti ta saya.

"Radhamés, kana nan?" in ji Wascar.

"Ga ni gabanka!"

"To yi magana in za ka jefa."

Radhamés ya jefa. Wascar ya kai wa iska duka. Mai cafkewa da ke tsugune a bayansa bai ga komai ba shi ma, sai dai ya ji saƙo a ciki, ya kwanta a gefe yana kiran sunan uwarsa. Alƙalin wasa ya ce shi bai ga jifa ba, don haka ba zai yi ƙarya ba. 'Yan kallo kuwa kowa ya kare fuska da hula, hawaye na zuba kamar ana yanka albasa.

Tiburcio dai ya zo ya tsaya kusa da Don Fulgencio yana tari, irin tarin da ya fi zagi ciwo.

"Ƙaramin abu ne," in ji Don Fulgencio. "Na riga na hango shi."

"Kai kaɗai ke nan," in ji Doña Nereida daga rumfa. "Mu ba ma hango komai."

Washegari ya buga wa wakiliya waya. Ya sanya muryar da yake sayar wa amare katifa da ita, mai laushi kamar man shanu.

"Ranki ya daɗe, Licenciada, mu nan mutanen sammako ne. Me zai hana ki zo ƙarfe bakwai na safe, iska na kaɗawa, tsuntsaye na..."

"Ƙarfe biyar ake wasan Lahadi," in ji muryar. "Ƙarfe biyar zan zo." Ƙit.

Sai ya bi gari ya tattaro tabarau na masu walda. Wascar ya ƙwama nasa, ya juya hagu, ya juya dama.

"Don Fulgo, an ɗauke wuta ne?"

"Ka ga rana?"

"A'a."

"To alhamdu, an gama."

"Ban ga Radhamés ba ma. Ban ga hannuna ba."

"Kai dai buga, yawan gani ne ke ɓata 'yan wasan yanzu."

Wascar ya buga. Abin da ya samu shi ne gwiwar alƙali. Jin ya taɓa wani abu, sai ya yar da sanda ya zura da gudu, ya bar hanyar kusurwa ta farko, inda mai bugu ke rugawa bayan bugu, ya nufi inda mata ke girki, ya rungumi teburin soyayyar ayaba suka faɗi tare. Aka mayar wa masu walda kayansu.

"Labule!" in ji Don Fulgencio a rana ta uku. "Rana baƙuwa ce marar kunya, labule ake ja mata."

Ya sa aka kafa dogayen sandunan gora a ƙarshen fili, ya bi gida gida yana karɓar zannuwan gado da sunan kishin gari. Aka ɗinke su wuri ɗaya, aka ɗaga. Minti goma abin ya yi kyau. Daga nan iskar yamma ta taso ta nufi kogi, labule ya kumbura kamar cikin mai wata tara, ya tumɓuke igiyoyinsa, ya tashi sama yana rangaji, ya tsallake kogi ya sauka a Los Higos.

Da safe mutanen Los Higos suka rataye farin zane ɗaya a kan gada, suka rubuta da baƙin fenti: SANTA RUFINA TA MIƘA WUYA, MUN KARƁA.

Zanen Doña Nereida ne, na ranar aurenta, mai surfanin furanni a baki.

"Fulgencio," ta ce, tana tsaye a ƙofar shago da hannu a ƙugu, "kakata ta yi wata shida tana ɗinkin nan."

"Sadaukarwa ce, Nere. Tarihi zai tuna da ke."

"Tarihi ya zo ya shimfiɗa maka gado yau."

Yana neman abin da zai ce, idonsa ya sauka a kan kayan shagonsa, jere har rufi. Katifa ba ta tashi sama. Katifa ba ta barin haske ya wuce. Ya ji wani sanyi ya ratsa shi, irin wanda manyan masana ke ji.

"Kar ka soma," in ji Doña Nereida, don ta san wannan kallon.

"Aro kawai zan yi. Yini ɗaya."

"Abincinmu ke nan, Fulgencio."

"Mace, in ƙungiya ta zo, 'yan wasa talatin a ƙasa za su kwana? Ki riƙa hangen nesa."

"Hangen nesanka ne ya kai zanena Los Higos."

Ran Asabar aka ga 'yan acaba suna jigilar katifu, kowane da biyu a ka, suna tafiya kamar tururuwa ta samu biskit. Aka ƙara sandunan gora, aka yi dogon tsani mai hawa huɗu, aka ɗaure katifa arba'in da shida a jiki: masu fure, masu zane, da wata ja mai hoton zuciya da ta shekara bakwai ba a saya ba. Ya sa aka cire ledojinsu duka, wai leda tana ƙyalli.

Ƙarfe biyar ta yi. Inuwa ta rufe fili ruf. Wascar ya ga Radhamés, ya ga ƙwallo, ya buga ta ta tashi. Gari ya kaure da ihu. Aka ɗaga Don Fulgencio sama, mutum shida suna nishi.

"Tsoho, yaya?" ya ce da Tiburcio daga can sama.

Tiburcio ya kalli gajimare. "Katifa tana shan ruwa."

"Kai kuma kana shan mita!"

Ran Lahadi ƙarfe uku da rabi sama ta yi baƙi. Ba wani ruwan kirki ba ne, irin na minti ashirin ɗin nan ne da ke zuwa kamar an kifar da bokiti, ya wuce ya bar gari yana tururi. Fili bai yi komai ba, don Tiburcio ya rufe jar ƙasa da tamfol. Katifu kuwa sun sha sun ƙoshi. Kowace ta yi nauyin ɗan maraƙi, suna ɗiga, sandunan gora suna wani ƙara a hankali kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma.

Wakiliyar, Licenciada Yocasta Peguero, ta iso ƙarfe huɗu da rabi. Gajeruwa ce, da littafi a hannu, da fuskar da ba a taɓa ba ta labarin dariya ba. Rumfa ta cika maƙil, masu ganga da ƙaho suna ta yi, har da wasu 'yan Los Higos da suka laɓe a hawa na sama suna cin gyaɗa. Ta duba ciyawa ta gyaɗa kai. Ta taka ƙasa ta gyaɗa kai. Ta kalli jama'a ta yi rubutu mai tsawo. Sannan ta ɗaga ido.

"Mene ne wancan?"

"Sabuwar fasaha ce, ranki ya daɗe," in ji Don Fulgencio. "Bangon kariya. In ɗan wasa ya yi karo da shi, barci kawai zai yi. Amurkawa ma ba su kai nan ba tukuna."

"Yana zubar da ruwa."

"Shi ke shayar da ciyawa. Aiki biyu yake yi."

Aka fara wasa, kuma wallahi wasa ya yi kyau. Radhamés yana jifa kamar an aiko shi, jama'a na rera waƙa, Licenciada har ta karɓi kofin ruwan rake. Don Fulgencio ya zauna kusa da ita yana gyara mata bayanin dokokin da ta fi shi sani.

A zagaye na uku Wascar ya shigo. Jifa ta farko ya haɗa ta da sanda, ƙas! Ƙwallo ta tashi, ta yi sama, ta yi nisa, gari duka ya miƙe tsaye. Ta je ta sami jar katifa mai hoton zuciya a tsakiyar ƙirji. Ɓuf.

Bangon ya yi shiru kamar yana tunani. Sai ya rusuna a hankali, cikin ladabi, irin gaisuwar surukai. Igiya ta farko ta tsinke, ta biyu ta bi ta, katifu suka shiga zubowa ɗaya bayan ɗaya, tim, tim, tim, ruwa na fallatsa, 'yan wasan baya suna gudun ceton rai. Rana kuwa, da ma tana laɓe tana jira, ta faɗo cikin filin gaba ɗayanta.

Mutum dubu biyu suka ce "Wash!" a tare.

Licenciada ta kare fuska da littafinta. "Wa ya auna filin nan?"

Ba a taɓa samun haɗin kai irin na ranar a Santa Rufina ba. Yatsu dubu biyu suka nuna wuri ɗaya.

Da wani mai hankali ne, da ya nemi gafara. Don Fulgencio sai ya miƙe ya gyara wando.

"Ranki ya daɗe, rana ba ta hana ɗan wasan gaske. Yaran yanzu ne da ido suke bugu. Mu a zamaninmu da kunne muke yi. Iskar ƙwallo kawai nake ji, in aika ta lahira."

"Haka ne?"

"Tambayi kowa."

Kowa ya shiga duban takalminsa.

"To," in ji Licenciada. "Jifa ɗaya. In mai shekarunka ya taɓa ƙwallo a cikin wannan hasken, zan rubuta cewa fili yana da amfani. In ba haka ba, na gama."

Kafin ya buɗe baki ya tuna da kafaɗarsa da saniya, Tiburcio ya riga ya danƙa masa sanda a hannu, da hannu biyu, cikin girmamawa.

Shekara talatin mutanen garin nan suna jin labarin Amurkawa da doguwar mota suna dariya a ɓoye, yau ga su suna roƙon Allah ya sa gaskiya ne. Fada ya ciro carbinsa. Doña Nereida ta rufe ido, ba don rana ba.

Don Fulgencio ya tsaya a wurin bugu. Ya ɗaga kai, duniya ta zama ja da fari. Babu Radhamés, babu fili, babu duwatsu. Can gabansa Radhamés yana ta murza ƙwallo a tafin hannu, yana lissafin yadda zai lallaɓa ta ta je ta sami sandar da kanta.

Wata 'yar iska ta shafi kunnen Don Fulgencio. Ya ce ita ce. Ya runtse ido ya kai duka da duk ƙarfin da Allah ya ba shi, har ya juya sau ɗaya da rabi. A daidai wannan lokacin, sandar gora ta ƙarshe da ta rage a tsaye can ƙarshen fili ta gaji, ta karye.

Ƙas!

Don Fulgencio ya buɗe baki. Ya san wannan ƙarar. Duk ɗan ƙasar nan ya san ta tun yana ciki. Ashe da gaske ne! Ashe duk shekarun nan ba ƙarya yake yi ba!

Ya yar da sanda da salo. Ya sumbaci yatsunsa ya nuna sama. Ya kama sassarfa, tumbi na gaba yana biye, ya taka kusurwa ta farko, ya ɗaga hula. Shirun da ya ji ya ɗauka mamaki ne. A kusurwa ta biyu ya yi 'yar rawa. A ta uku ya aika wa 'yan Los Higos sumba ta iska. Ya gama zagaye ya dawo wurin bugu, ya dira da ƙafa biyu, yana haki, hawaye na zuba, ya buɗe hannuwa.

"Rubuta, ranki ya daɗe!"

Licenciada ta nuna tsakiyar fili da alƙalaminta. Radhamés yana tsaye inda yake, baki buɗe, ya ɗaga hannu a hankali. Ga ƙwallo fara tas a tsakanin yatsunsa.

Wani ɗan Los Higos ne ya fara, gyaɗa ta sarƙe shi. Daga nan rumfa ta fashe. Mutane suna dariya suna kuka, kukan rana da na ƙungiya da na dariyar duk a haɗe. Mai ƙaho ya so ya busa ya kasa. Fada ya zauna a ƙasa yana dukan cinya. Wascar ya kwanta a kan jiƙaƙƙiyar katifa yana shure-shure.

Licenciada ta rufe littafi. Ta nemi Tiburcio ta miƙa masa hannu.

"Ƙasarka ta fi ta ko'ina kyau, Baba. Los Higos za su buƙaci mai gyaran fili, in kana so." Ta juya ga sauran. "Jama'arku sun yi. Filinku ne ya ba gabas baya. Ku juya rumfar, ku neme mu bayan shekara goma."

Motarta ta hau gada, 'yan Los Higos suna biye da ita a kan babura suna ƙaho.

Jama'a suka watse, kowa ya wuce ta gaban Don Fulgencio yana sumbatar yatsu yana nuna sama. Aka bar shi da matarsa da katifa arba'in da shida a cikin laka. Doña Nereida ta kama kusurwar ɗaya, ta nuna masa ɗaya kusurwar da haɓa. Suka ɗaga, ruwa na bin hannayensu. Suka yi taku goma.

"Amma dai kin ji ƙarar, Nere."

"Ɗaga ɓangarenka."

"Har yanzu fa ba a tsinto ƙwallon da na buga ba."

"Tana hannun Radhamés, Fulgencio. Gari duka ya gani."

Don Fulgencio ya girgiza kai, cikin tausayin waɗanda ba su san wasa ba.

"Wannan ai wata ƙwallon ce daban."